Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Darasi Kan Shirin Jami'an Tsaronmu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammad, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Kwanakin baya, bayan mun idar da sallar Asuba, wani dattijo daga cikin masu bin mu salla ya tsaya har mutane suka ragu, sannan ya matso kusa da ni ya ce: "Malam, ina da tambaya. In yau da dare mutanen nan suka shigo unguwar nan, wa za mu kira? Kuma in mun kira, minti nawa zai ɗauka kafin ya iso?"

Wallahi na yi shiru. Na san ayoyi da hadisan da suka yi magana a kan tsaro, amma amsar wannan tambaya ba ta bakina. Tun daga ranar take yi mini yawo a zuciya, shi ya sa na ga ya dace darasinmu na wannan mako ya tsaya a kanta: shin jami'an tsaron ƙasar nan a shirye suke su tari harin 'yan ta'adda? Da wane ma'auni ma za mu auna?

Tun farko ina roƙon alfarma. Ba na rubuta wannan don wata jam'iyya, domin abubuwan da zan ambata sun faru ƙarƙashin gwamnatoci daban-daban. Kuma ba na rubutawa don cin mutuncin soja ko ɗan sanda. Mai son zagi a wajen sharhi, don Allah ya yi haƙuri ya karanta har ƙarshe tukuna.

SHIRI UMARNI NE NA ADDINI

Wasu suna ɗauka cewa maganar tanadin tsaro maganar 'yan boko ce, mu namu addu'a. Wannan fahimta ba ta da tushe. A aya ta 60 cikin Suratul Anfal, Allah Ya umarci muminai su tanadi duk ƙarfin da za su iya, kuma Ya faɗi hikimar: don maƙiyi ya ji shakka tun kafin ya taso. A aya ta 71 cikin Suratun Nisa'i Ya yi umarni da a riƙa zama cikin taka-tsantsan. A aya ta 102 ta wannan sura kuwa, hatta salla, wadda ita ce ginshiƙin addini, Allah Ya sauya siffarta saboda tsaro: wasu su yi salla, wasu su tsaya gadi da makamai, sannan a yi musaya. Dalili kuwa shi ne maƙiyi yana jiran lokacin gafala ne ya auko gaba ɗaya.

Manzon Allah (SAW), wanda ya fi kowa tawakkali, ya sanya sulke biyu ranar Uhudu. Shi ne kuma ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito. Imam Al-Mawardi, wanda ya rasu a shekara ta 450 bayan Hijira, da ya zo lissafa wajibai goma da ke kan shugaba a littafinsa Al-Ahkamus Sulɗaniyya, ya sanya tsare ƙasa har mutane su iya fita neman abinci da tafiye-tafiye cikin aminci, da ƙarfafa iyakoki, da biyan ma'aikata haƙƙinsu a kan lokaci. A nan ƙasarmu ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa garuruwan ribaɗi a bakin iyaka, ya zauna da kansa a Wurno, kuma a can kabarinsa yake.

To, in mun bi sirar Annabi (SAW) a tsanake, za mu ga shirin tsaro yana tsayawa ne a kan abubuwa huɗu: labari, saurin kai ɗauki, amana, da adalci. Mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, mu ɗora halin da muke ciki a kai.

NA FARKO: LABARI, DA ABIN DA AKE YI DA SHI

A shekara ta 5 bayan Hijira rundunar taron dangi, kimanin mutum 10,000, ta nufo Madina. Ba ta iso ba sai da labarinta ya riga ta. Annabi (SAW) ya tara sahabbai aka yi shawara, Salmanul Farisi (RA) ya kawo dabarar haƙa rami, aka shiga aiki nan take cikin sanyi da yunwa. Da maƙiya suka iso suka tarar da abin da Larabawa ba su saba gani ba a yaƙi. Ana cikin zaman kuma, cikin wani dare mai tsananin iska, Annabi (SAW) ya aiki Huzaifa bn Yaman (RA) ya shiga cikinsu ya jiyo halin da suke ciki. Abin lura a nan: labari ya zo, an yarda da shi, an mayar da shi aiki kafin ranar.

Yanzu mu dubi namu.

Daren 14 ga Afrilu 2014 aka kwashe ɗalibai mata 276 a Chibok. Ƙungiyar Amnesty International ta ce rundunar soja a Maiduguri ta samu gargaɗi fiye da awa huɗu kafin harin, amma ba a tura ƙarin dakaru ba. Rundunar ta musanta. Ranar 19 ga Fabrairu 2018 aka maimaita a Dapchi, aka tafi da 'yan mata 110. Bayan abin ya faru sai muka ji an janye sojojin da ke garin kafin harin. Soja suka ce sun miƙa tsaron garin ga 'yan sanda, 'yan sanda suka ce ba a miƙa musu komai ba. Iyaye suna kuka, hukumomi biyu suna nuna wa juna yatsa.

Ranar 28 ga Maris 2022 aka dasa bam a layin dogon Abuja zuwa Kaduna, aka kashe fasinjoji, aka shiga daji da fiye da mutum 60. Rukunin ƙarshe bai fito ba sai watan Oktoba, bayan fiye da wata shida. Shin wannan hari ya zo ba zato? A watan Oktoban 2021 an riga an fasa wani sashe na wannan layin dogo. Kwana biyu kafin harin kuma, 'yan bindiga sun kai farmaki yankin filin jirgin saman Kaduna. Ministan sufuri na lokacin, Rotimi Amaechi, ya fito ya ce ya nemi a amince a sayo na'urorin sa ido a kan layin, ba a amince ba.

Daren 5 ga Yuli 2022 aka fasa gidan yarin Kuje, a cikin yankin babban birnin tarayya, fursunoni fiye da 800 suka fice, cikinsu har da gomman waɗanda ake tsare da su kan ta'addanci. Shugaba Muhammadu Buhari da ya je wurin washegari, da bakinsa ya nuna takaicinsa kan yadda tsarin tattara bayanan sirri ya gaza.

Kun ga zaren da ya ɗinke waɗannan? Sau da yawa alamu suna bayyana. Makiyayi ya ga ayarin babura, mai shago ya ga baƙin da suka sayi burodi da fetur fiye da ƙima, dagaci ya buga waya. Inda matsalar take shi ne tsakanin kunnen da ya ji da hannun da zai motsa. Labari yana hawa daga ofis zuwa ofis, soja da nasu, 'yan sanda da nasu, jami'an farin kaya da nasu, kafin a haɗa su wuri guda an riga an yi ɓarnar. Daga nan sai ihu bayan hari.

NA BIYU: SAURIN KAI ƊAUKI

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas (RA) cewa wani dare mutanen Madina suka ji wata ƙara da ta firgita su, suka fito suka nufi wajen. Suna cikin tafiya sai suka yi kiciɓis da Annabi (SAW) yana dawowa. Ashe ya riga kowa zuwa, a kan dokin Abu Ɗalha ko sirdi babu, takobi rataye a wuyansa, ya duba ya ga babu komai, yana kwantar musu da hankali. Shugaban al'umma ke nan. A yaƙin Zu Ƙarad kuma, da mahara suka kore raƙuman Annabi (SAW) a wajen gari, Salamatu bn Akwa' (RA) ya hau tudu ya yi kururuwa, ya bi su da gudu yana harbi, mahayan Madina suka biyo baya ba tare da ɓata lokaci ba, aka ƙwato dabbobin.

Wannan ita ce ainihin tambayar dattijon nan: minti nawa?

A ƙauyukanmu da dama amsar ba minti ba ce, awanni ne, wani lokaci sai gari ya waye. Ranar 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, aka kora su daji da ƙafa. Ka yi tunanin lokacin da ake buƙata a tara yara ɗari uku a fita da su daga gari. Mako biyu kafin nan, ranar 28 ga Nuwamba, an yi wa manoman shinkafa na Zabarmari yankan rago a gonakinsu, ba nisa da Maiduguri. Gawa 43 aka fara yi wa salla. Allah Ya jiƙansu.

Me ke kawo wannan jinkiri? Dalilan a fili suke. Na ɗaya, ƙarancin jami'ai: ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, 'yan sandanta ba su kai 400,000 ba. A 2018 shugaban hukumar kula da aikin 'yan sanda na lokacin, Mike Okiro, ya ce fiye da 150,000 daga cikinsu suna gadin manyan mutane ne. Sai ka ga mutum ɗaya da motar 'yan sanda cike a bayansa, ga gunduma guda mai ƙauyuka barjat ba ta da ko caji ofis.

Na biyu, an shimfiɗa soja a kusan kowace jiha suna aikin da asalinsa na 'yan sanda ne, ga Arewa maso Gabas, ga Arewa maso Yamma, ga Filato da Binuwai, ga Kudu maso Gabas. Na uku, tun 2019 rundunar soja a Borno ta koma tattara dakaru a manyan sansanoni bayan an sha mamaye ƙanana, irin abin da ya faru a Metele a Nuwamban 2018. Dabarar ta rage asarar sojoji, amma ta bar ƙauyuka da hanyoyi da yawa ba mai tsaro. Na huɗu, hanyoyi marasa kyau, da nakiyoyin da ake binnewa, da kwanton ɓauna: maharan sun san ta inda ɗauki zai biyo, sukan tare hanyar tun kafin su shiga gari. Na biyar, jiran umarni daga sama. Kwamandan da ke kusa yana jin ƙarar harbi, amma ba zai motsa ba sai an ba shi izini.

NA UKU: AMANA

Ranar Uhudu Annabi (SAW) ya ajiye maharba 50 a kan tudu ƙarƙashin Abdullahi bn Jubair (RA), ya ce kada su bar wurin ko me suka gani. Da nasara ta fara bayyana, mafi yawansu suka sauko don tattara ganima. Khalid bn Walid, wanda a lokacin bai musulunta ba, ya zagayo ta wannan kafa. Sahabbai 70 suka yi shahada. Allah Ya yafe musu, Ya kuma bar mana darasin a Suratu Ali Imrana: idan son abin duniya ya shiga tsakanin mai gadi da wurin gadinsa, jama'a ce take biyan kuɗin da jininta. A Khaibar kuwa, wani mutum ya mutu mutane suna yi masa murnar shahada, Annabi (SAW) ya ba da labarin cewa mayafin da ya ɓoye daga ganima yana ci da wuta a kansa. Mayafi ɗaya fa! To ina ga wanda ya ci kuɗin harsashi?

A 2014 garuruwa suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya: Gwoza, Bama, Mubi, sannan Baga a farkon 2015. A watan Mayun 2014 sojoji a barikin Maimalari suka harbi motar kwamandansu bayan an kawo gawarwakin 'yan uwansu. A watan Agusta ɗaruruwan sojoji suka tsallaka Kamaru. A watan Disamba kotun soja ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa kan ƙin fita yaƙi, su kuwa suna cewa ba a ba su isassun makamai ba. Daga baya aka sassauta hukuncin zuwa ɗauri. Da babban hafsan tsaro na wancan lokaci, Alex Badeh, ya zo barin aiki a Yulin 2015, ya faɗa a bainar jama'a cewa ya jagoranci rundunar da ba ta da kayan aikin da suka dace, kuma akwai na ciki da ke tsegunta wa maƙiya shirin soja. A ƙarshen wannan shekara aka kama tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Sambo Dasuki, bisa zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai. Ya musanta zargin, kuma ni ba alƙali ba ne. Abin da nake nunawa shi ne a lokaci guda ana maganar biliyoyi a Abuja, ana maganar ƙarewar alburusai a bakin daga.

Amana ba ta tsaya a kan makami ba. Akwai alawus ɗin soja, da abincinsa, da maganinsa in ya ji rauni, da hutunsa. An ruwaito cewa Umar bn Khaɗɗab (RA) ya iyakance watannin da mayaƙi zai yi nesa da iyalinsa, shi ne kuma ya kafa diwani, rajistar da ake biyan mayaƙa da ita. Mu kuwa mun sha jin sojojin da suka yi shekaru a daji ba a sauya su ba. Wata baiwar Allah ta taɓa zuwa wurina tambayar hukuncin takaba, mijinta soja ne da aka kashe. Bayan fiye da shekara ta sake dawowa, wannan karon neman taimakon kuɗin haya, tana ta zirga-zirga da takardu haƙƙin mijin bai fito ba. Abokan mijinta da ke bakin daga suna sane da halin da take ciki. Da wace zuciya kake so su tsaya?

NA HUƊU: ADALCI

Wannan shi ne wanda aka fi mantawa, alhali shi ke ciyar da na farko. Ɗan ta'adda ba ya sanye da kaki. Wanda zai gane shi shi ne mai unguwa, da ɗan acaɓa, da mai sayar da shayi. In waɗannan suna tsoron jami'in tsaro kamar yadda suke tsoron ɗan ta'adda, to labari ya yanke.

Bayan buɗe Makka, Annabi (SAW) ya aiki Khalid bn Walid (RA) zuwa ga Banu Jazima. Aka samu rashin fahimta, Khalid ya kashe mutanen da bai kamata a kashe ba. Da labari ya iso, Annabi (SAW) ya ɗaga hannuwansa ya barranta daga wannan aiki a gaban jama'a, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Malaman sira suka ƙara da cewa ya aiki Aliyu (RA) da dukiya ya biya diyyar waɗanda aka kashe har da ƙananan kayan da aka lalata. Ba a ɓoye ba, ba a ce ai Khalid babban kwamanda ne a rufa masa asiri ba.

Ranar 30 ga Yuli 2009 aka kashe Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda ba tare da an kai shi kotu ba. Aƙidarsa ɓata ce, malamanmu irin su Sheikh Ja'afar Mahmud Adam da Sheikh Albani Zariya sun yi mata raddi tun da wuri, Allah Ya jiƙansu. Amma kashe shi ta wannan hanya ya ba mabiyansa abin da suka yi shekaru suna jan matasa da shi. Ranar 17 ga Janairu 2017 jirgin yaƙi ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann bisa kuskure, mutum fiye da 100 suka rasu. Daren 3 ga Disamba 2023 jirgi maras matuƙi na soja ya jefa bam kan masu taron Mauludi a Tudun Biri da ke ƙaramar hukumar Igabi, hukuma ta tabbatar da mutuwar aƙalla mutum 85. A wannan karon babban hafsan sojan ƙasa na lokacin, Janar Taoreed Lagbaja, ya je garin da kansa ya ba da haƙuri. Wannan mataki ne mai kyau, kuma shi ne rabin farko na abin da aka yi wa Banu Jazima. Rabi na biyu shi ne cikakkiyar diyya, da bayyana sakamakon bincike, da gyara abin da ya jawo kuskuren don kada a maimaita.

Akwai kuma tsoron tonon asiri. Mutum ya kai rahoto da rana, da dare a zo har gida a tambaye shi me ya sa ya kai. Duk garin da haka ta faru sau ɗaya, bakin kowa ya rufe ke nan.

MU YI MUSU ADALCI SU MA

Allah Ya hana mu ƙiyayya ta kai mu ga rashin adalci, balle ga mutanen da ba maƙiyanmu ba. Wanda ya rayu a Kano ranar 20 ga Janairu 2012, ko ranar Juma'a 28 ga Nuwamba 2014 da aka kashe fiye da mutum 100 a babban masallacin birni, ya san cewa yau ba jiya ba ce. A farkon 2015 sojojinmu, tare da na Chadi da Nijar da Kamaru, sun ƙwato garuruwan da aka mamaye, Gwoza ta dawo a watan Maris. An samo jiragen Super Tucano 12 a 2021. Dubban mayaƙa da iyalansu sun miƙa wuya tun daga wannan shekara. Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali ya kwanta dama a Malam Fatori a Nuwamban 2016, Birgediya Janar Dzarma Zirkusu a Askira Uba a Nuwamban 2021 yana kan hanyar kai ɗauki. Bayansu akwai dubban ƙananan sojoji da 'yan sanda, Musulmi da Kirista, waɗanda ba mu san sunayensu ba. Tirmizi ya ruwaito cewa idon da ya kwana yana gadi saboda Allah wuta ba za ta shafe shi ba. Duk jami'in da ke karanta wannan, ka gyara niyyarka, aikinka ibada ne.

Sai dai maƙiyi shi ma bai zauna ba. A watan Maris 2025 Nijar ta sanar da ficewa daga rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi. A watan Afrilu Gwamna Babagana Zulum ya fito ya yi gargaɗin cewa hare-hare sun dawo da ƙarfi a Borno.

To mene ne amsar tambayarmu? A fahimtata, jami'anmu suna da jarumta, kuma in aka tara su aka ba su kayan aiki suna iya ƙwato gari. Inda rauni yake shi ne kafin hari da kuma sa'ar farko ta hari. Mun fi ƙwarewa a bin sawu fiye da tare hanya. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa sau da yawa sai an kwashe yara ake tura jirage, a kafa kwamiti, a rufe makarantu.

ABIN DA YA RAGE A KANMU

Kada mu karanta mu ce Allah Ya kyauta mu wuce. Ga abin da ke hannunmu.

1. Kowace unguwa da kowane masallaci su zauna da mai unguwa su amsa tambayar dattijon nan a rubuce. Lambar DPO, lambar sansanin soja mafi kusa, lambar gaggawa ta ƙasa 112, su kasance a wayar mutane da yawa. A gwada su tun ana zaman lafiya a ga wacce ke shiga. A san ta inda mata da yara za su bi, a san asibiti mafi kusa, a samu matasa su koyi tsayar da jini.

2. Masallatan Juma'a su ware masu gadi lokacin salla. Kada wani ya ji kunyar haka. Malamai sun sanya tsaron rayuka cikin uzurorin da ke halatta barin Juma'a, mai gadi ya sallaci Azahar daga baya, ladansa yana wurin Allah.

3. Rahoto ya bi ta hannun amintattu: liman, mai unguwa, dagaci, domin a kare wanda ya gani. Wanda kuma yake kai wa 'yan ta'adda labari, ko fetur, ko abinci, ko magani don kuɗi, ya sani yana da kaso a kowane jinin da aka zubar. Da ɗan gari akan ci gari.

4. Mu kiyaye wayoyinmu. Aya ta 83 cikin Suratun Nisa'i ta zargi masu yayata labarin tsaro ko na tsoro ba tare da mayar da shi ga masu alhakinsa ba. Ɗaukar bidiyon ayarin sojoji a sa a Facebook ko TikTok kyauta ce ga maƙiyi. Tura tsohon hoto a ce yanzu abin ke faruwa ƙarya ce da kan sa a tattake mutane.

5. 'Yan sa-kai su yi aiki ƙarƙashin hukuma. 'Yan kato da gora sun taimaka ƙwarai wajen tsarkake Maiduguri a 2013 saboda sun san 'yan unguwarsu. Amma inda sa-kai ya koma kashe mutum don ƙabilarsa, wutar ƙaruwa ta yi. Jinin Bafulatanin da bai yi laifi ba haramun ne kamar jinin Bahaushen da bai yi laifi ba.

6. Mu tambayi wakilanmu, cikin ladabi da hujja, ina kuɗin tsaro ke tafiya, kuma me ya hana a hukunta wanda aka gargaɗa bai motsa ba. Wannan nasiha ce, nasiha kuwa addini ce.

7. Mu malamai, namu ya fi na kowa nauyi. Soja yana kashe mai ɗauke da bindiga, amma shubuhar da ta sa shi ɗaukar bindigar sai ilimi. Mu karantar da matasa hukuncin kafirta Musulmi, da alfarmar jini, da haƙƙin maƙwabci wanda ba Musulmi ba. Kuma mu daina hana 'ya'yanmu na kirki shiga aikin soja da ɗan sanda, sannan mu dawo muna kukan babu na kirki a ciki.

Dattijon nan na koma na same shi. Na ce masa har yanzu ban san minti nawa ba, amma ranar Asabar bayan La'asar za mu zauna da mai unguwa mu fara nema. Ina roƙon kowane limami da ke bibiyar wannan shafi ya yi irin wannan zama a unguwarsa.

Ya Allah, Kai ne Ka ciyar da Ƙuraishawa daga yunwa Ka amintar da su daga tsoro, Ka amintar da garuruwanmu. Ka jiƙan waɗanda aka kashe bisa zalunci, Ka kuɓutar da waɗanda ke hannun miyagu, Ka ƙarfafi jami'anmu masu gaskiya, Ka shiryi shugabanninmu su riƙe amana. Wanda ke cin kuɗin jininmu, in mai shiryuwa ne Ka shirye shi, in ba haka ba Ka isar mana da abin da Ka so.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne da Shaiɗan. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.